Zazzaɓin Da Ya Biyo Haolin Gida

Ku yi haƙuri da shirun da na yi muku. Na ga saƙonninku, har da na wadda ta ce ko an yi bikin ne a ɓoye don kada ku ci shinkafa. Ba a yi komai ba 'yar'uwa. Abin da ya faru a gidanmu rana ta biyu ga sabuwar shekara ne ya hana ni zama wuri ɗaya.

Ga waɗanda suka shigo yau: sunana Lan Shiman, shekarata ashirin da bakwai, ni da Mama muke sayar da lemon gonarmu ta waya a ƙauyenmu da ke gindin duwatsun Shanglin. A wurin dangi na riga na zama kwantai. Ita Mama sharaɗinta a kan miji ɗaya ne tak.

"Gurgu ne, kawo shi. Mai sanƙo ne, kawo shi. Amma namijin da ya san hanyar filin jirgi, kada ya tako min tsakar gida."

Ba laifinta ba ne. Ina 'yar sakandare Baba ya bi ayarin mazan garinmu zuwa Ghana haƙar zinare. Ya dawo da ƙafarsa, da tsarabarsa, da dariyarsa. Bai daɗe da dawowa ba ya fara abin da muka ce mura ce, muka yi ta dafa masa citta. Ranar da muka gane ba mura ba ce, shi kuma ya daina gane mu. Maleriya ce, irin mai hawa kai.

To ni kuma da na tashi so, sai zuciyata ta faɗa kan Meng Haolin, mai gyaran injin jan ruwa, wanda shi ma ya yi shekarunsa a Ghana. Ya rantse mini ya bar tafiya har abada, ya kama aiki a wata masana'anta a birnin Foshan. Sai da na shekara ina lallashi kafin Mama ta ce ya zo ta gan shi, kuma ta zaɓi rana ta biyu, ranar da surukai ke kai gaisuwa gidan iyayen mata. Kun san me wannan ke nufi.

Abin da ban faɗa wa Mama ba shi ne, tun bayan girbin shinkafa Haolin ya canza. Na kira shi bidiyo, ya ce kyamara ta fashe. Na kira da rana, ya ce ya koma aikin dare. Saƙonsa ya riƙa zuwa a karkace, gajere, kamar mai rubutu a guje. Na sa a raina wata ce. Har na zana ta a kaina: fara, siririya, mai ƙaramar murya.

Da safen ranar na canza kaya sau ba adadi. Na sa jar rigar sanyi mai wuyan gashi, na cire don ta sa na yi kama da jan ambulan ɗin da ake sa kuɗin barka da shekara a ciki. Na sa ruwan toka, Mama ta leƙo ta ce, "Gidan makoki za ki?" Na koma ja. Na ɗaure gashi, na kwance, na sake ɗaurewa, na shafa jan baki na goge rabinsa. Tsakar gida ta yi jajir da ɓawon nokawut ɗin jiya, ba a share ba don kada a share arziki. Sanyin nan namu mai laima ya shiga har cikin ƙashi.

Waya ta yi ƙara.

"Na taso. 'Yar mura ce ta kama ni, kada ki tsorata in kin gan ni da takunkumi."

Na rubuta: "Ba shekaranjiya ka ce ka warke ba?"

"Na warke. Ta dawo ne. Sanyin bana ba dama."

"Ka sha magani?"

"Na sha na mura. Me Inna take so, in zauna ko in jira ta ce in zauna?"

Na yi dariya ni kaɗai, na manta da zancen mura. Rabin gari tari suke yi, waye zai damu?

Gwaggo Fen, ƙanwar Baba, tun da sassafe ta iso da mijinta Kawu Tan. Ita tana da nata ɗan takarar, wani ma'aikacin ofishin gunduma mai gida a hawa na tara, don haka ba kallon suruki ya kawo ta ba, neman aibu ne. Ta zauna kusa da kaskon garwashi tana fasa 'ya'yan kankana da haƙori.

"Shiman, wannan jan bakin na waye? In mutum na sonki ko da toka kika shafa zai so ki. In kuma yana da wata a Foshan, ko zinare kika shafa..."

"Gwaggo, ga lemo."

"Toshe min baki za ki yi da lemo? Lemon da na fi ki sanin ranar da aka dasa shi?"

Sai ga ƙarar babur a ƙofa.

Jama'a, da na fita na gan shi, da ƙyar na gane shi. Haolin mai faɗin kafaɗa ne, amma rigar sanyinsa ta yi masa yawa kamar ta aro. Ya yi baƙi, wuyansa ya fito. Ya sauke zakaru biyu, da kwalaben giya, da kwalin ganyen shayi, yana haki kamar ya turo babur ɗin ne daga gari.

"Ka rame," na ce ƙasa-ƙasa.

"Kewarki ce."

"Ƙarya."

Ya shiga ya rusuna. "Inna, barka da sabuwar shekara. Gwaggo, Kawu, shekara ta zo da lafiya da arziki."

Mama ta dube shi daga sama har ƙasa ta ce, "Zauna." Gwaggo Fen kuwa ta tofar da ɓawo ta ce, "Ikon gani! Yaro, a Foshan ɗin cikin masana'anta suka rataye rana? Wa ke aikin dare ya yi baƙi haka?"

"Walda ce Gwaggo, wutar walda."

"Oho. Waldar ta iya aiki, har bayan kunne ta bi."

Aka jera abinci. Mama ta yi bajinta: dafaffiyar kaza da miyar citta, kifi guda da kansa da jelarsa, naman alade da gwaza, ga zongzi, dunƙulen shinkafa irin namu manya da ta kwana biyu tana naɗewa a ganye, an yanka an soya gefensa. Ta ɗauki cinyar kaza da kanta ta sa masa a kwano. Na san Mama, wannan cinyar rabin amincewa ce. Na taka ƙafarsa a ƙarƙashin tebur don ya ci.

Ya ɗaga tsinken cin abinci. Sai na ji ƙas-ƙas-ƙas, tsinken yana bugun bakin kwano. Ya sa ɗaya hannun ya danne, ƙarar ta ƙi tsayawa. Leɓensa ya yi fari. Can haƙoransa suka ɗauka, kafaɗunsa suka ɗauka, har miyar da ke gabansa ta fara rawa a kwano.

Kawu Tan ya tuntsire da dariya. "Tsoron suruka ne! Ni ma ranar da na je gidan su Fen sai da na zubar da shayi a wando. Zuba masa giyar shinkafa, yanzu jini zai motsa."

"Ba komai, Kawu, sanyin babur ne," in ji Haolin, kalmomin suna fita a gutsure.

Aka tura masa kaskon garwashi har gwiwa. Mama ta tashi ta dafa citta da mazarƙwaila. Gwaggo ta ce a kawo cokalin tangaran da mai ta kankare masa baya, iska ce ta shige shi. Aka hau da shi ɗakin sama, aka lafta masa bargo uku, amma gadon kansa sai da ya riƙa motsi. Ni ina tsaye a bakin ƙofa riƙe da kofin citta, tururin yana dukan fuskata. Na taɓa tsayawa haka. Da irin wannan kofin.

Na ce wa kaina, Shiman, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Mutumin da ke Foshan ina zai ga sauro a tsakiyar hunturu? Mura ce. Na sauko na zauna, na tashi, na ɗauki lemo na ɓare ban sha ba, na sake hawa.

Kafin a kwashe kwanuka sanyin ya sake shi, zafi ya karɓa. Ya yi jifa da barguna. Na taɓa goshinsa na janye hannu kamar na taɓa murfin tukunya. Ya riƙe kansa da hannu biyu yana cewa kamar ana sara masa gatari a bayan ido, bayansa da gwiwoyinsa duk ciwo. Cittar da ya sha ta dawo a bokiti. Bayan wani lokaci kuma sai gumi, gumi kamar an kwara masa ruwa, rigarsa ta manne, matashin kai ya jiƙe. Ya buɗe ido ya yi murmushi.

"Kin gani? Ta fita. Haka ta yi min shekaranjiya, da na yi gumi shi ke nan. Bari in sauka in ba Inna haƙuri."

Daga ƙasa na ji Gwaggo tana cewa, "Ai na faɗa, citta ba ta ƙarya."

Sanyi, zafi, gumi, sauƙi. Sannan ta dawo. Wannan sauƙin shi ya cuce mu a kan Baba. Duk lokacin da muka ce a tafi asibiti sai ya tashi ya ci abinci, ya ce kun gani, na warke.

Na rufe ƙofa. Na yaye labule, hasken rana ya shigo.

"Dubi sama."

"Me?"

"Na ce dubi sama."

Na ja fatar idonsa ƙasa da yatsa. Farin idon ba fari ba ne, ya yi ɗorawa-ɗorawa kamar tsohuwar takarda. Na duƙa na janye safarsa kafin ya hana ni. Idon sawunsa duk tabon cizo, wasu sun bushe, wasu ko ɓawo ba su gama yi ba.

"Fitsarinka wane launi ne?"

"Haba Shiman, wace irin tambaya ce wannan a ranar..."

"Wane launi?"

Ya kau da kai. "Kamar shayi. Mai kauri. Ban sha ruwa sosai ba ne."

Na zauna a bakin gado. Wata uku ina kishi da macen da ban taɓa gani ba, ashe da ma macen ce da na ji sauƙi.

"Haolin, yaushe ka sauka daga jirgi?"

"Wane jirgi? Jirgin ƙasa na hau daga Foshan."

"Kada ka rantse, ba rantsuwa nake so ba. Ba don aure nake tambaya ba, auren ya ci kansa. Yaushe ka sauka?"

A waje yara suka kunna nokawut, ya zabura kamar an harbe shi.

"Mako biyu ke nan," ya ce. "Ko ya ɗan fi."

"Ghana?"

Ya gyaɗa kai.

"Maganin rigakafin fa?"

"Ya ƙare a daji. Na ce kwana nawa ya rage." Ya kamo hannuna, tafinsa jiƙe. "Ki saurare ni. Akwai dalili, na yi alkawari ba zan faɗa ba sai an gama biki. Ki bar ni in wuce yau kawai. Ta sa min cinyar kaza, Shiman, kin gani da idonki. Gobe da safe da kaina zan je asibiti, ba wanda zai sani."

Ba zan ɓoye muku ba, na yi tunanin hakan. Na ce in fitar da shi ta baya, in ce wa Mama zan raka shi gida. Shekara guda ina gina wannan ranar, bulo bisa bulo. Ina cikin wannan saƙa da warwara sai ya dubi bango ya ce, da wata murya ta daban, "Ku kashe injin, ruwa ya shigo rami."

"Me ka ce?"

Ya ƙifta ido. "Na ce wani abu?"

Ban san lokacin da na sauko matakala ba.

Suna zaune ana shan shayi, Kawu Tan ya yi ja da giya, Gwaggo na raba kati. Na tsaya a tsakiyar falo, a ƙarƙashin hoton Baba.

"Mama, ba mura ba ce. Daga Ghana ya dawo. Idonsa ya yi ɗorawa, ya fara sambatu. Asibiti za mu kai shi yanzu."

Gwaggo Fen ta buga katin a tebur. "Na faɗa! Ban faɗa ba? Walda! Maƙaryaci ɗan maƙaryata, ya shigo gidan marayu ya ci kaza da ƙarya a bakinsa! Ku kira danginsa su zo su kwashi kayansu. Yaya, kin ji ko? Ga abin da 'yarki ta jajibo mana."

Mama ko kallonta ba ta yi ba. Ta ajiye kofinta a hankali, kamar mai tsoron kada ya fashe. Ta daɗe tana kallon garwashi.

"Tun da tsinken nan ya fara buga kwano na sani," ta ce. "Na tashi na dafa citta don kada in sani."

Ta miƙe ta cire atamfar girkin da ke ƙugunta. "Ɗauko makullin mota. Tan, ka sha giya, ba za ka tuƙa ba, amma bayanka bai sha ba, hau ka goyo shi. Fen, rufe bakinki ki ɗauko bargo da bokiti."

"Yaya! Bayan abin da ya yi?"

"Sai ya rayu zan ci mutuncinsa. Gawa ba ta jin zagi, na gwada."

'Yar bas ɗinmu ta ɗaukar lemo na tuƙa, kujerun baya a naɗe, shi kwance a kan kwalaye, kansa a cinyar Mama, Gwaggo a gaba riƙe da bokiti. Hanya cike da masu yawon gaisuwa, babura ɗauke da mata da yara da kaji, kowa da jar riga, ba mai sauri sai ni. Na danna hon har yatsana ya yi ciwo. Ta madubi ina ganin Mama tana goge masa goshi da hannun rigarta, fuskarta kamar dutse.

"Inna, ku yafe min," ya ce.

"Yi min shiru. Kada ka yi barci. Faɗa min sunan kakanka."

"Meng... Meng..."

"Ka ga shashasha, sunan kakansa ma sai ya yi tunani. Na uwarka fa?"

Haka ta riƙa tsokanarsa da tambaya har muka shiga gari.

Sashen masu zazzaɓi na asibitin gunduma ya cika maƙil, tari ta ko'ina, yara na kuka, kowa riƙe da lambarsa. Da na bi layi da sai yamma. Na kutsa har gaban tebur, wani tsoho yana zagina, na ce wa nas ɗin abin da na yi shekaru ina cewa da ma mun faɗa a kan Baba:

"Daga Afirka ya dawo, mako biyu. Zazzaɓi mai zuwa yana tafiya, rawar sanyi, amai, idonsa ya canza, fitsarinsa ya yi duhu, ya fara rikicewa."

Ta ɗago kai, ta ajiye biro. Kafin in rufe baki an turo gado. Aka huda masa yatsa, aka ɗiga jini a wani ɗan farin abu, aka shafa wani a gilashi aka ruga da shi ɗakin gwaji. Ba a jima ba likita ta fito, mace ce mai gajeren gashi, da alama ita ma daga teburin biki aka taso ta, don ƙarƙashin farar rigarta ja ce.

"Maleriya ce, kuma mai tsananin," ta ce. "Ta fara taɓa hanta, tana neman kai. Za mu fara allura ta jijiya yanzu, zai kwana a ɗakin kulawa. Wa ya ce ku kawo shi yau?"

Mama ta nuna ni da haɓa.

"Kin kyauta. Irin wannan ba ta jiran gobe. Maganin mura yana sauke zafin, mutum ya ɗauka ya warke, ita kuwa tana ciki tana cin jini. Duk wanda ya dawo daga can ya ji zazzaɓi, ko bayan wata ne, ko bayan watanni, jini za a duba kafin a kira shi mura." Ta juya za ta tafi, ta dawo. "Shi kaɗai ya dawo? In akwai waɗanda suka taho tare, a neme su. Sauron da ya ciji ɗaya bai bar na kusa da shi ba."

Na ce ban sani ba. Me na sani? Da safe ma na ɗauka a Foshan yake.

Aka bar mu mu gan shi kafin a shiga da shi ciki. An ɗaura masa ƙarin ruwa, leɓensa ya tsage, amma idonsa ya ɗan dawo. Na tsaya nesa da gadon, hannuwana a naɗe. Yanzu da tsoro ya ɗan lafa, fushi ya samu wurin zama.

"Likita na tambaya ko kai kaɗai ka dawo," na ce, ban dube shi ba.

Ba ni ya kalla ba, Mama ya kalla. Ya yi ƙoƙarin tashi, nas ta danne shi.

"Inna... Kun. Ku nemi Kun."

Yaya Kun wana ne, mu biyu Mama ta haifa. Duk gidan mun san yana Dongguan yana aiki a kamfanin takalma, ya ce bana bai samu hutu ba, sai bayan biki zai zo.

"Me ya haɗa ka da Kun?" in ji Mama.

"Ba ya Dongguan. Tun bazara ya bi wasu zuwa Ghana, bai faɗa muku ba. Ramin zinaren ya rufta da mutum biyu a gabansa, mai wurin ya riƙe masa fasfo. Ya kira ni yana kuka, ya ce ni na san dajin, na san mutane." Ya tsaya ya haɗiyi yawu. "Na je na taho da shi. Ya sa na rantse. Ya ce ba zai shigo gida a rame haka ba, sai ya yi kwana biyu ya murmure, kada ku gane. Yana birnin Nanning, a wani masauki bayan tashar mota. Tanti ɗaya muka kwana, Inna. Gidan sauro ɗaya, kuma ya yage."

Na laluba aljihun rigarsa na ciro waya, na kama yatsansa na buɗe ta. Sunan Yaya Kun ne a sama, da saƙon murya da ya shigo tun muna kan tebur, ba a saurara ba. Na danna.

Da farko ba magana, sai wani ƙas-ƙas-ƙas. Sannan muryar wana, a gutsure: "Haolin... ya ake ciki, ta karɓe ka? Ni sanyi nake ji, na rasa gane kan hitar ɗakin nan. Kada ka faɗa wa Mama, 'yar mura ce."

Mama ta dafa ƙarfen gado. Na kira lambarsa, ta yi ta ringi har ta katse. Na sake, haka. Na sake.

"Sunan masaukin?" na ce wa Haolin. "Haolin! Sunan!"

Idonsa ya fara lumshewa. "Allo shuɗi... kusa da mai sayar da taliya..." Aka tura gadon, ƙofa ta rufe a tsakaninmu.

Bayan tashar motar Nanning masauki ya fi ɗari, rabinsu allonsu shuɗi, kuma kowane lungu da mai taliyarsa. Likita ta ce in na samu wurin in kira motar asibiti ta can kai tsaye, kada in tsaya ɗauko shi da kaina, in faɗa musu daga inda ya dawo tun kafin su tambaya.

"Mama, taso mu tafi."

Ta yi taku biyu ta tsaya. Ta dubi hanyar fita, ta dubi ƙofar da aka shiga da Haolin. Ban taɓa ganin fuskar Mama ta rabu biyu haka ba.

"Ke tafi," ta ce. "Kin fi ni ƙafa, kin fi ni ido, ni sai dai in rage miki gudu. Ki ɗauki Fen, bakinta zai buɗe kowace ƙofa a Nanning."

"Ke fa?"

Ta ja kujerar roba har bakin ƙofar, ta zauna, ta ɗora rigar sanyinsa a cinyarta ta fara ninkewa.

"Yaron nan ya tsallaka teku saboda ɗana. Ba zai farka ya ga bango ba." Wata nas ta leƙo da takarda tana tambayar wace ce mai majinyacin. Mama ta ɗaga hannu. "Ni ce. Surukina ne."

Ban samu damar yin kuka ba. Na ruga waje, na tarar da Gwaggo Fen a jikin mota riƙe da bokiti, na faɗa mata a tsaye. Karo na farko a rayuwata da na ga bakinta a buɗe ba magana. Ta shiga gaba ta ja bel.

Na tada mota, na ɗora wayar Haolin a cinyata. Ko ƙofar asibiti ba mu fita ba ta fara ruri, sunan Yaya Kun a kan gilashin. Na taka birki har Gwaggo ta dafa gaba.

"Yaya! Kana ina? Faɗa min sunan wurin!"

Ba muryarsa ba ce. Wata dattijuwa ce, tana haki, ana hayaniya a bayanta.

"Ke 'yar'uwar mai wayar nan ce? Yarinya, a bakin matakala na tsince shi ba takalmi. Ina tambayarsa sunansa, ya ce bai sani ba."